Hukuncin Gungun Lete: Sharhi

Ran 12 ga Yuli, 2005, Kotun Duniya da ke birnin Heg ta yanke shari'ar iyaka tsakanin Jamhuriyar Nijar da ta Binin, wadda a da a ke kira Dahome. Abin da a ke jayayya a kai shi ne tsibiran da ke cikin Kwara, tun daga inda gulbin Mekuru ya faɗa mata har zuwa iyakar Nijeriya. Babbansu shi ne Lete, wanda mutanen wurin ke kira Lete Gungu. Tsibiri 25 aka ƙidaya, aka ba Nijar 16, har da Lete, aka ba Binin 9. Masana shari'a sun riga sun yi ta sharhi a kan wannan hukunci ta fuskar sana'arsu. Abin da za a yi a nan shi ne a karanta shi kamar yadda a ke karanta littafin tarihi, a ga wane ne ya yi magana a cikinsa, wane ne aka yi maganarsa ba ya nan, kuma ko labarin da ya bayar shi ne ainihin labarin rigimar.

Ga mutumin ƙasar Gwandu wannan ba labarin nesa ba ne. Wanda ya tashi daga Kalgo ya bi ta Bunza zuwa Kamba, in ya ƙetare iyaka sai Gaya, Lete kuwa tana sama da Gaya kaɗan. Ruwan gulbin Kabi da ke malale fadamun Diggi da damina, Kwara ɗin nan ya ke gangarawa. Tun kafin Turawa kuwa Dandi da Kabi da Gwandu a cuɗe su ke, wajen ciniki da kiwo da yaƙi. Sabo da haka malamin da ke koyar da tarihi ko labarin ƙasa a wannan yanki ba shi da misalin rigimar ƙasa da ƙasa da ya fi wannan kusa da ɗalibansa.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. Lete tsibiri ne mai faɗin wajen murabba'in kilomita 40, mai albarkar noma da ciyawa. Fulani makiyaya na gefen Gaya suna zaune a cikinsa, manoma Dandawa na ɗaya gaɓar, ta wajen Karimama, su kuma suna ganin ƙasar kakanninsu ce. Daren 29 ga Yuni, 1960, wata guda kafin ƙasashen biyu su sami mulkin kai, aka far wa mazaunan tsibirin, aka kashe Fulani huɗu, aka ƙone gidaje. Dahome ta sami mulkin kai ran 1 ga Agusta, Nijar ran 3 ga wata, kowace ta gaji rigimar tun ba ta gama ɗinka tutarta ba. A watan Oktoba na 1963 aka yi hargitsi a Dahome, Kanar Soglo ya tuɓe Shugaba Maga, waɗansu 'yan Nijar suka rasa rayukansu a cikin rikicin. A Disamba gwamnatin Jori Hamani ta kori ma'aikata 'yan Dahome daga Nijar, dubban mutane suka kama hanyar gida da iyalinsu. Dahome ta rama da toshe hanyar Kwatano, wadda ta nan Nijar ke fitar da gyaɗarta, ta nan kuma kayanta ke shigowa. Kowane gefe ya tura soja bakin kogi. Allah ya kiyaye ba a gwabza ba. A Janairun 1965 shugabannin suka sadu a Yamusukuro, suka shirya a kan mutanen ƙasashen biyu su zauna a tsibirin tare har ran da za a yanke magana. Ranar ba ta zo ba sai bayan shekara arba'in.

A lura da mutanen da aka kora a 1963. Ba su da gona ko saniya a Lete, da yawansu ma ba su taɓa ganinta ba. Akawuna ne da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na gidan waya, gama Dahome ta riga maƙwabtanta samun ilmin boko, Faransa kuwa ta baza 'ya'yanta aiki ko'ina cikin ƙasashen da ta ke mulki. Da mulkin kai ya ƙarato, 'yan ƙasa suka fara ƙyashin kujerun da baƙi ke kai. An riga an kore su daga Abijan tun 1958. Ashe ƙaura iri biyu ce ta haɗu a wannan rigima, ta makiyayi mai bin ciyawa da ta akawu mai bin albashi, amma sunan tsibiri kaɗai aka laƙaba mata.

Irin wannan laƙabi ba a nan kaɗai aka yi shi ba. A watan Yuli na 1969 ƙasashen Salbado da Honduras, a Amurka ta Tsakiya, suka yi yaƙin da bai wuce sa'a ɗari ba, daga ran 14 zuwa ran 18 ga wata, aka kashe mutane dubbai. 'Yan jarida suka sa masa suna Yaƙin Ƙwallo, don ya biyo bayan wasa uku da ƙasashen suka yi a watan Yuni na neman shiga gasar duniya. Alhali kuwa tushensa talakawan Salbado ne wajen 300,000, waɗanda manyan masu gandu suka matse su a gida, suka ƙaura Honduras suna noma, har gwamnatin can ta tashi raba gonaki ga 'yan ƙasa kaɗai ta shiga korarsu. Su ma daga bisani Heg suka je, aka shata musu iyaka a 1992. Can an yi jini da yawa, nan kaɗan, amma hanyar ɗaya ce: a kori baƙo, a ja daga, sa'an nan a je wa alƙali da taswira.

To, a komo kan hukuncin kansa. Wajibi ne a fara da yabonsa, gama aiki ne na gwanaye. Alƙalai biyar suka zauna, Ranjeva na Madagaska ne shugaba, Nijar ta zaɓi Bedjaoui na Aljeriya, Binin ta zaɓi Bennouna na Maroko. Ka'idar da suka bi ita ce kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada ran da ta sami mulkin kai, watau abin da shugabannin Afirka suka amince da shi a Alƙahira a 1964. Binin ta ce iyakar tana gaɓar hagu, ta wajen Nijar, sabo da haka kogin da tsibiransa duka nata ne. Ta kafa hujja da wata doka ta 23 ga Yuli, 1900, da wasiƙar da Raynier, mai riƙon gwamnan Nijar, ya rubuta ran 27 ga Agusta, 1954, inda ya sallama wa Dahome tsibiran wani sashe na kogin. Nijar ta ce a'a, iyakar tana bin inda ruwa ya fi zurfi a babbar hanyar jiragen ruwa. Alƙalan suka bi takardun ɗaya bayan ɗaya, suka nuna dokar 1900 ba ta shata iyaka ba, dokokin 1934 da 1938 kuwa sun ambaci kogin ne kawai, ba su faɗi ko gaɓa ko tsakiya ba. Wasiƙar 1954 kuma, gwamnan ƙasa guda ba shi da ikon sāke iyaka shi kaɗai. Da takardun mallaka suka ƙare ba wanda ya ci, sai suka koma ga tambayar wa ke gudanar da mulki a tsibiran a zahiri, wa ke karɓar haraji, wa ke yin shari'a. Wanda ke son ya koya wa ɗalibai yadda a ke auna takardar tarihi, a raba abin da ta faɗa da abin da a ke so ta faɗa, da wuya ya sami abin koyi da ya fi waɗannan shafuka.

A nan ne aka zo ga takardar da dukan hukuncin ya rataya a kanta, ita ce kuma ta fi cancantar a daɗe a kanta. Ran 3 ga Yuli, 1914, wani ƙaramin jami'in Faransa mai suna Sadoux, kumandan Gaya, ya rubuta wa na gefen Dahome wasiƙa, ya jera tsibiran, ya nuna wanda ke hannun kowane gefe bisa ga babbar hanyar ruwa. Lete ta faɗo a rabon Gaya. Kotu ta ga an bi wannan shiri daga 1914 har 1954, bayan nan ma Gaya ba ta daina mulkin tsibirin ba, sai ta ɗora iyakar ƙasa da ƙasa a kansa. Amma mene ne ya sa Sadoux ya yi jerin nan tun farko? Hukuncin da kansa ya faɗa: don a san lokacin da za a ba Fulanin gaɓar hagu takardar izinin kiwo, a kuma san kotun gargajiyar da za ta ji ƙara in an yi faɗa. Watau takarda ce ta shirya ƙetarewa. Mai rubuta ta ya ɗauka cewa shanu za su haye kowace shekara, abin da ya dame shi kurum shi ne teburin da za a buga musu hatimi. Gefen biyu duk na Faransa ne, ba wanda ya zaci wata rana soja za su tsaya a kan layin. Bayan shekara 91 aka ɗauki takardar da aka yi don a sauƙaƙa hayewa aka mai da ita katanga. Alƙalan sun ga dalilin wasiƙar, sun rubuta shi da hannunsu, suka wuce ba su tsaya ba. A nan ne mai karatu zai so su tsaya.

Sa'an nan a duba masu magana a cikin hukuncin. Gwamna ya rubuta wa kumanda, kumanda ya rubuta wa gwamna, injiniyoyi sun auna zurfin ruwa. Bafillatanin Lete yana fitowa ne a matsayin mai biyan haraji, ko wanda aka ba takardar kiwo, ko gawa a daren 29 ga Yuni. Manomin Karimama kuwa yana fitowa a matsayin mai ƙara ko mai tada fitina. An faɗi yawan mazaunan tsibirin, wajen 2,000 a shekarar 2000 bisa ga lissafin Nijar, amma ba inda aka ji yadda su da maƙwabtansu ke ba da labarin wanda ya fara sauka, da wanda ya ba wani masauki, da abin da a ke kai wa mai ƙasa in an yi girbi. Rikicin 1963 kuma, wanda ya tashi dubban mutane daga gidajensu, 'yan layuka kaɗan ya samu. Kogin ya fi kowa samun kulawa, gama an bi inda ruwansa ya fi zurfi an kafa alama 154, kowace da lissafinta.

Wanda ya gwada juya hukuncin nan da Hausa zai ga inda gizo ke saƙa tun a kalma ta fari. Ƙasa a Hausa ita ce turɓayar da a ke shuka a ciki, ita ce kuma abin da sarki ko gwamnati ke mulki. Manomin da ya ce ƙasar ubansa ce, da lauyan da ya ce ƙasar Binin ce, kalma ɗaya suka faɗa, nufinsu biyu. Harshen kotu ya raba su sarai, ya ɗauki na biyun, ya ajiye na farin a jimla guda, inda aka ce hukuncin bai taɓa haƙƙin da mutum ke da shi a kan gonarsa a tsibiran ba. Jimla ce mai kyau, sai dai ba ta faɗi wanda zai tsare wannan haƙƙi ba, in mai gonar ya wayi gari baƙo ne a gonarsa.

Hausa kuwa tana da kalmomi da yawa a daidai wurin da kotu ta taƙaita. Akwai gado, akwai aro, akwai jingina, akwai haya, kowanne da hukuncinsa. Akwai burtali da mashaya da makiyaya, waɗanda ba na kowa ba ne, kuma ba a hana kowa. Yaron da ya tashi a Diggi ya san fadama guda tana da masu ita fiye da ɗaya, gwargwadon watan da a ke ciki. Ruwa ya cika, ta mai shinkafa ce. Ruwa ya janye aka kwashe amfanin gona, sai shanu su shigo su ci abin da ya saura, su bar taki. Tafkunan da suka rage na masunta ne, su ma da ranar da a ke buɗe su. Faɗan da a ke yi a irin wannan wuri, mafi yawansa a kan lokaci ne: shanu sun shigo ba a gama girbi ba, ko manomi ya shuka a kan burtali. Hakimi ko ardon da ya iya sulhu, kwanan wata ya ke yankewa da diyyar ɓarna. In aka ce masa ya ja layi a tsakiyar fadama, wannan gefe na manomi har abada, wancan na makiyayi, zai ce mai maganar bai taɓa kwana a fadama ba. Tsibirin da ke tsakiyar Kwara, wanda ruwa ke ci yana saki kowace shekara, bai fita daga wannan hali ba. Kotu ta amsa tambayar ina, mutanen wurin kuwa tambayar yaushe ce ta fi kashe su.

Ka'idar nan ta kowa ya riƙe abin da ke hannunsa, wadda a ke ɗauka ta Turawa ce, ƙasar Gwandu ta gwada ta tun kafin a haifi Sadoux ko a san da shi. Bayan Yakubu Nabame ya tada Kabawa a 1849 aka yi ta yaƙi tsakanin Argungu da Gwandu, sarakuna suka faɗi a kowane gefe, har aka gaji. Wajen 1867 aka ƙulla amanar da a ke kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, a kan kowa ya tsaya a garuruwan da ke hannunsa. Ta yi wajen shekara takwas, ba kuwa ƙaramin abu ba ne ga talakan da ya samu ya yi noma ba da baka a kafaɗa ba. Amma ta warware a kan al'amarin garin Fana da kamen shanu, watau a kan mutane masu sāke ubangida da dukiya mai ƙafa huɗu. Amanar ta ƙidaya garuruwa kamar duwatsu ne da ba su motsi. Kyaun wannan ka'ida shi ne tana tsai da yaƙi yau, aibinta kuwa ba ta da abin cewa game da wanda zai tashi gobe. Malamin da ya ajiye Lafiyar Toga kusa da hukuncin 2005 a gaban ɗalibai, ya ba su abin tunani fiye da wanda ya sa su haddace kwanakin wata.

Duk da haka adalci ne a faɗi cewa laifin ba na alƙalan ba ne su kaɗai, watakila ma ba nasu ba ne ko kaɗan. Alƙali ba ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Yarjejeniyar da gwamnatocin biyu suka sa wa hannu a Kwatano ran 15 ga Yuni, 2001, abu uku ta roƙa: a shata iyaka a Kwara, a faɗi mai kowane tsibiri, musamman Lete, a shata iyaka a Mekuru. Ba ta roƙi a faɗi ranar da shanu za su haye ba, ko yadda manomin gaɓar dama zai kai ga gonarsa. Gwamnatocin ne suka zaɓi tambayar da ta shafi tuta, suka bar wadda ta shafi ciki. Har alƙali Bennouna, wanda ya saɓa wa sauran huɗun a kan Kwara, saɓaninsa a kan fassarar takardun Faransa ne, yana ganin gaɓar hagu ce iyaka. Da ra'ayinsa ne ya yi rinjaye, da Fulanin Lete ne za su kwana baƙi maimakon manoman Karimama. Ba a kuma raina abin da aka samu ba. Ƙasashen biyu sun karɓi hukuncin, Binin ta sami abin da ta nema a Mekuru, ba a sāke jan daga a kan tsibirin ba. Wanda ya tuna Mali da Burkina Faso sun yi yaƙin kwana biyar a Disamban 1985 a kan yankin Agasher, alhali shari'arsu tana gaban wannan kotu, ya san ba kullum a ke samun haka ba.

Wani ɗan abu a ƙarshen hukuncin ya isa a ambata. Nijar ta roƙi a faɗi inda iyaka ta ke a kan gadojin nan biyu da suka haɗa Gaya da Malanbil, kotu ta ce tana bin layin da ke cikin ruwa a ƙarƙashinsu. An san mai kowane taku na gadar ke nan. A ƙarshen Yulin 2023, bayan soja sun karɓi mulki a Yamai, waɗansu ƙasashen Afirka ta Yamma suka rufe iyakokinsu da Nijar, gadar ta toshe, manyan motoci suka yi layi a Malanbil, ƙofar Kamba ma ta rufe har watan Maris na 2024. Binin ta buɗe nata gefen a farkon 2024, Nijar ba ta buɗe nata ba a wannan shekara. Ba wanda ya yi musun inda layin ya ke a wannan karo. Fatake da 'yan cin rani da masu zuwa gaisuwar mutuwa suka gangara ƙarƙashin gadar, suka biya masu kwalekwale suka haye.